Yarinyar da Ke Ɗauke Wuta

A ɓangaren yara na asibitin, kowa Anti Shiru yake ce mata, har likitoci. Ita ce mai goge-gogen safe. Kafin ƙarfe bakwai ta shigo da bokitinta biyu, shuɗi na ruwan sabulu, ja na ɗauraya, ta faro daga ƙofar ɗakin allura ta gangaro har bakin famfo. Shekara goma sha biyar tana wannan aiki, ba wanda ya taɓa jin ta ɗaga murya. Abu guda ne ma'aikatan jinya suke tsokanarta da shi: ba ta karɓar jariri. In mai jego ta ce, "Anti, don Allah ɗan riƙe min shi in gyara zanina," sai ta maida hannuwa baya ta ce akwai sabulu a hannunta. Ko babu sabulun haka za ta ce.

Alhali ba da shiru aka haife ta ba. Ita ce 'yar fari a gidansu, kuma tana ƙarama surutu ne da ita kamar rediyo. Babanta direban bas ne. Uwarta tela ce, keken ɗinkinta na jikin taga a ɗaki biyun da suke haya a saman bene. In Baba ya dawo da yamma, tun daga matakala yake kwaɗa kira, "Ina Uwata?" Sai ta sheƙo da gudu ta karɓi hularsa, ya ɗora ta a cinya, ta yi ta ba shi labarin duk abin da ya faru a layin, har da wanda bai faru ba. Umma takan ce daga kan keke, "Wannan 'yar taka, in ba a toshe mata baki ba, wata rana sai ta sayar da mu."

Tana aji biyu abin ya fara, shekararta bakwai. Ba ciwo yake mata ba, ba jiri, ba komai. Malamar lissafi za ta ce, "Idan muka ɗauki bakwai muka haɗa da," sai kawai ta ji, "to wa zai faɗa mana amsa?" Tsakiyar maganar ta ɓace kamar an sa almakashin Umma an datse. Allon da ta gani da layi biyu, yanzu layi uku ne a kai. Ba ta san ita ce take tafiya ba. Ta ɗauka haka duniya take yi wa kowa tsalle, sauran yara ne dai suka fi ta iya kamo zaren.

Abin da mutane suke gani kuwa yarinya ce zaune, ido a buɗe, fensir a hannu, bakinta yana ɗan motsi kamar mai taunar cingam. Kafin mutum ya ƙirga goma ta dawo. Haka zai faru sau ashirin a yini, wani lokacin ya fi.

"Ke! Jikinki na nan, hankalinki na kasuwa," in ji malamar lissafi. "Tashi ki koma baya ki ɗaga hannu."

Wata rana malamar ta kira ta har sau uku ba ta amsa ba, sai wata yarinya daga layin gaba ta ce, "Malama, an ɗauke mata wuta ne, a jira a kawo." Aji ya kwashe da dariya, ita kanta malamar sai da ta rufe baki da littafi. Yarinyar ta dawo ta tarar ana dariya, sai ita ma ta taya su, don ba ta san da ita ake ba. Daga ranar sunanta ya koma Ɗauke-wuta, har 'yan aji shida sun san shi.

A gida ma haka. A aike ta farin zare ta dawo da baƙi. Umma ta ce, "Ina miki magana kin zuba min ido kamar gunki." Ta ce ba ta ji ba. "Ba ki ji ba, ko ba ki ga dama ba?" Da fari Baba yana tare mata, yana cewa tunani ne ya yi mata yawa irin na masu ƙwaƙwalwa. Har ya kai ta wajen mai kemis na bakin titi. Mutumin ya leƙa kunnenta da tocila, ya ɗaga yatsu uku ta ce uku, ya ce, "Lafiyarta ƙalau, wasa ne ya yi mata yawa." Tun daga nan Umma ta samu hujja.

Ƙawa ɗaya gare ta a makaranta, 'yar mai shagon layinsu, wadda ake kira Wushirya saboda ratar haƙoranta. Benci ɗaya suke zama. Wushirya ce ta gano dabarar: in ta ga ƙawarta ta daskare, sai ta jira ta motsa, ta raɗa mata kalmar ƙarshe da malama ta faɗa. Shekara biyu suna haka. Yarinyar tana ajiye mata ƙyallayen da suka rage a ƙarƙashin keken Umma, suna ɗinka wa 'yar tsana riga a bayan aji.

A bayan ajin nan ne wata rana Wushirya ta ja ta, idonta ya yi ja, ta ce, "Zan faɗa miki wata magana, amma ki rantse ba za ki faɗa wa kowa ba." Ta rantse. Wushirya ta buɗe baki. Abin da yarinyar ta gani bayan haka shi ne Wushirya a tsaye, hawaye har haɓa, tana kallonta kamar ba ta taɓa saninta ba.

"Ina gaya miki mamata ta kwashe kayanta ta bar mu, ke kina tauna baki?"

"Wallahi ban ji ba. Ki sake faɗa."

"Malama ce ba kya ji. Ni ma yanzu na zama malama?"

Washegari Wushirya ta koma benci na gaba. Ba ta taɓa kiranta Ɗauke-wuta ba, ko da sauran suna yi, amma ba ta sake juyowa ba.

Tana shekara tara ƙaninta Auta yana shekara biyu, yaro mai ƙiriniya, ba ya zama wuri ɗaya. Wata Asabar da hantsi Umma ta ɗora ruwan wankansa a kan risho a baranda, sai wata mai ɗinki ta kira ta daga ƙasa, ta ce ƙafarta ba za ta iya hawa bene ba. Umma ta ɗauki tef ta rataya a wuya.

"Minti biyu zan yi. Ki riƙe shi. Kin ji ni ko? Maimaita abin da na ce."

"In riƙe shi."

Ta riƙe shi ɗin. Ta zauna a bakin ƙofa, ta naɗe gefen rigarsa a yatsunta har sau biyu, tana yi masa waƙar ƙirge da ƙarfi don kada hankalinta ya tafi ko'ina. Ta tuna ta kai shida. Bayan shida babu riga a hannunta, tukunya tana birgima a ƙasa, tururi ya cika barandar, Auta yana wani irin ihu da ba ta taɓa jin ɗan Adam ya yi ba.

Wata biyu ya yi a asibiti. Ruwan ya ci masa kafaɗar dama har zuwa hannu, yatsu uku suka manne wuri ɗaya. Ran da abin ya faru Umma ba ta dake ta ba, sai bayan kwana uku da ta dawo ɗaukar kaya. Ta rufe ƙofa ta tsaya a kanta.

"Kina ina?"

"Ina nan."

"Me kike yi?"

"Ba komai."

Gaskiya ta faɗa, gaskiyar ce kuma ta kashe ta. Maƙwabciyarsu ta benen da ke kallon nasu tana shanya a lokacin, ta ga komai, ta kuma faɗa wa kowa a layin: yarinyar tana zaune idonta biyu, tana kallon yaron yana tafiya wajen risho, ko yatsa ba ta ɗaga ba. Matar ta ce ta yi ta ƙwala mata kira, yarinyar tana ta tauna baki abinta.

Baba bai dake ta ba ko sau ɗaya. Ya dai daina kira daga matakala. In ya shigo sai ya rataye hularsa da kansa a ƙusa. In zai aike ta sai ya ce wa Umma, "Ce mata ta kawo min ruwa."

Yarinyar ta yi ta juya abin a ranta. Ta san tana son Auta, ita take ba shi rabin biskit ɗinta. Amma babbar mace ta gan ta da idonta, kuma babba ba ya ƙarya a kan irin wannan. Mai kemis ya ce lafiyarta ƙalau. To ashe akwai wata muguwa a cikinta, wadda take zama ta zuba ido a kan abu yana lalacewa. Da ta yarda da haka sai ta daina cewa "ban ji ba". In aka ce ta yi laifi sai ta ce, "Ku yi haƙuri." Surutun ya ƙafe. Ta gama aji shida da ƙyar, ita ce ta biyun ƙarshe, kuma da Umma ta ce ta zauna gida ta riƙa yi mata guga da sa maɓalli, ba wanda ya ce a'a, har ita.

Wajen shekara goma sha huɗu abin ya tafi da kansa, kamar yadda ya zo. Magana ta daina yankewa. A aike ta abu biyar ta dawo da biyar. Umma ta ce wa maƙwabta, "Kun gani ko? Da ta ga dama ai ga shi ta daina." Ita ma haka ta ɗauka: tunda ta iya dainawa yanzu, da ta so da ta daina tun kafin ranar Asabar ɗin nan.

Ta yi aure tana da ashirin da uku, da wani kafinta mai sanyin hali da yake gyara musu kujeru. Tun kafin auren ta ce masa ba ta son haihuwa. Ya yi dariya ya ce duk 'yan mata haka suke cewa. Shekara shida yana jira ta sauya. Wata rana yana cin abinci ya ajiye cokali ya ce, "Ki gaya min abin da na yi miki." Ta ce bai yi mata komai ba. "To me yaro ya yi miki?" Ta buɗe baki, ta ga ba za ta iya gaya wa mutumin kirki irinsa wace ce ya aura ba, sai ta tashi ta kwashe kwanuka. Sun rabu ba faɗa ba zagi. Shi ya ɗauko mata mota, shi ya ɗaure mata katifa a sama. Bayan nan ne ta samu aikin asibiti, ta kama ɗaki guda kusa da tasha.

Baba ya rasu tana da arba'in. Ta yi jinyarsa sati uku, tana juya shi tana goge masa jiki. Yakan ce, "Sannu," ita ma ta ce, "Sannu, Baba." Iyakar hirarsu ke nan.

Shekara huɗu bayan rasuwarsa, wata Talata, aka kira ta ɗakin likita ta goge lemon da wani yaro ya zubar. Likitar sabuwa ce, yarinya ce ma a kanta, ta ce, "Anti, yi aikinki, ba komai," ta ci gaba da ganin marasa lafiya. Wata mata ce zaune da 'yarta mai kamar shekara takwas, cikin kayan makaranta.

"Likita, ni dai malaminsu ne ya matsa in kawo ta. Ni na san taurin kai ne. Kana mata magana tana kallonka kamar ba da ita kake ba."

Likitar ta yagi takarda ta riƙe a gaban bakin yarinyar. "Hura min wannan, 'yan mata. Da ƙarfi. Kar ki tsaya sai na ce."

Yarinyar ta yi ta hurawa, takardar tana kaɗawa. Can sai takardar ta tsaya. Idon yarinyar a buɗe, hannunta a kan gwiwa, leɓɓanta suna ɗan motsi. Likitar ta ce da ƙarfi, "Jan doki!" Shiru. Sai yarinyar ta ja numfashi ta ci gaba da hura takarda.

"Me na ce yanzu?"

"Ba ki ce komai ba."

Anti Shiru tana durƙushe a bayan tebur, tsumma a hannu, ruwa yana bin hannunta har gwiwar hannu. Ta ji likitar tana cewa wani nau'in farfaɗiya ne wanda ba ya kayar da mutum, ƙwaƙwalwa ce take ɗan ɗaukewa ta dawo, yaron bai ma san ya tafi ba. Za a yi gwaji a tabbatar, kuma akwai magani. "Ba da gangan take yi ba, Mama. Don Allah a daina dukanta."

Sai da layi ya ƙare bayan azahar sannan ta koma ta ƙwanƙwasa. Shekara goma sha biyar ba ta taɓa shiga ɗakin likita ba tare da bokiti ba.

"Likita, abin nan na yarinyar ɗazu. Yana iya tafiya da kansa?"

"Sau da yawa yana tafiya in sun fara girma."

"To wanda nasa ya tafi tun da daɗewa, ana iya dubawa a gane ya taɓa yi?"

Likitar ta ajiye biro ta dube ta sosai. "Kamar shekara nawa?"

"Talatin."

"Da wuya a ga komai yanzu, Anti. Zauna ki ba ni labari."

Ta ba ta, a tsaye, a gajarce, ba ta ambaci risho ba. Likitar ta ce yadda ta kwatanta ya yi kama sosai, amma ba za ta iya rubuta takarda a kan abin da ba ta gani ba.

Ran Lahadi ta hau mota zuwa gidan Auta, inda Umma take zaune tun rasuwar Baba. Auta mai gadi ne a wata ma'aikata. Ya so ya yi tuƙi irin na Baba, hannun bai bari ba. Ta tarar da Umma ita kaɗai a tsakar gida, ido ya yi rauni, tana lalubar ramin allura. Ta karɓa ta zura mata zaren, sannan ta zauna a ƙasa ta faɗi komai: takardar, jan dokin, abin da likita ta ce. Tun tana yarinya ba ta yi magana mai tsawon wannan ba.

Umma ta juya allurar a hannunta.

"Farfaɗiya," ta ce. "Na taɓa ganin kin faɗi? Kin taɓa yin kumfa?"

"Irin wadda ba a faɗuwa ce, Umma."

"An kai ki an duba, an ce lafiyarki ƙalau. Babanki ne ya kai ki da ƙafarsa."

"Mai kemis ne, kuma kunne ya duba."

"Likitar ta ba ki takarda?"

"A'a."

Umma ta soka allurar a gefen zaninta. "To me kike so in ce? In ce marar lafiya na rufe wa ƙofa na daka? In ce babanki ya tafi kabari yana fushi da marar lafiya? Shi ke nan kin zo ki ɗora min wannan, yanzu da ƙafata ɗaya ke waje?"

"Ba haka nake nufi ba."

"Na yafe miki tuntuni, shi ma yaron ya yafe. Ki bar ni da abin da na sani."

A bakin ƙofa Anti Shiru ta yi kiciɓis da Auta ya dawo daga aiki, cikin rigarsa mai dogon hannu duk da zafin da ake yi. Ya gaishe ta da ladabi kamar kullum. Ta tsayar da shi ta sake faɗa, wannan karon a gurguje, maganar tana harɗewa. Ya saurara har ƙarshe, yana kallon ƙasa.

"Yaya, ni fa ban tuna komai ba. Abin da aka gaya min shi na sani." Ya ɗan yi murmushi. "In ciwo ne, Allah ya ƙara lafiya. Ni ban riƙe ki ba. Ko ciwo ne ko ba ciwo ba, hannun dai ga shi." Ya ce ta tsaya a zuba mata abinci. Ta ce za ta rasa mota.

A mota ta zauna jikin taga. Ta zaci in ta faɗa za ta ji sauƙi, sai ta ji nauyin ya ƙaru. Shekara talatin da biyar ta san ko wace ce ita: mai laifi ce da take biyan laifinta, kuma ta iya zama da hakan. Yanzu an ce mata wataƙila ba ta yi komai ba. In haka ne, makarantar da ta bari, da mutumin kirkin da ta bari ya ɗaure mata katifa, da 'ya'yan da ta hana kanta, duk a kan me? Kuma ko wannan ɗin ma "ya yi kama" aka ce mata. Wani lokacin takan ce a ranta ƙila Umma ce da gaskiya, ta ga ciwon 'yar mutane ne ta ara.

Bayan wata biyu matar nan ta dawo da 'yarta. Anti Shiru tana goge baranda ta ji muryarta tun daga ƙofa, tana gaya wa ma'aikaciyar jinya cewa maganin ya karɓe ta, malaminsu har ya ba ta aikin kula da allon aji. Yarinyar tana tsalle da ƙafa ɗaya a kan tayil ɗin da bai bushe ba, tana ba uwarta labarin wata ƙawarta, ba ta ko tsayawa shan iska. Da ta zo wucewa ta ce, "Sannu da aiki, Anti." Anti Shiru ta ce, "Yawwa, a hankali, akwai santsi." Ta shiga ɗakin ajiye tsintsiya ta ja ƙofa, ta daɗe a ciki.

A satin ta je wajen shugabar masu aikin tsafta ta roƙi a maida ta ɗakin wanki. Shugabar ta ce, "Wurin da kowa yake gudu? Zafi, ga ƙarar inji, ko gaisuwa ba a ji." Ta ce ta sani. Likitar ta aiko a kira ta sau biyu, ta ce a ce mata tana zuwa, ba ta je ba.

Can take har yanzu, a ginin da ke bayan asibitin, kusa da tankin ruwa. Tana ware zannuwan gado, masu jini gefe, marasa jini gefe, ta cusa a inji, ta kwashe, ta ninke gida huɗu. Umma ta rasu a shekarar da ta biyo baya, ba su sake tayar da maganar ba. Ƙarfe uku take tashi, ta wanke hannu da ƙafa a famfon waje, ta bi ta ƙofar baya zuwa tasha.